Yaron da Ke Cikin Katin Ubansa: Lanho, Nafaƙa da Gumin Samari a Madarunfa

Akwai wata takarda da kusan kowane magidanci a ƙasar Madarunfa yake ajiyewa cikin leda, a ƙasan akwati ko a aljihun babbar riga, wadda ake kira katin iyali, inda aka rubuta sunan mai gida a sama, sa'an nan matansa, sa'an nan 'ya'yansa da duk wanda yake ci daga rumbunsa, aka kuma bambanta waɗanda lanho, wato harajin kai, ya hau kansu da waɗanda bai hau ba tukuna. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka takardar ƙidaya ce kawai, alhali kuwa a cikinta ne hukuma take yanke hukunci a kan wata mas'ala da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa, wato yaushe ne yaro yake fita daga ɗawainiyar ubansa ya zama mutum mai ɗaukar nauyin kansa, kuma idan ya fara samun kuɗi tun bai fita ba, wa za a tambaya haƙƙin da ke kan wannan kuɗi.

Madarunfa tana kudu da Maraɗi da tazarar kilomita 20 da 'yan kai, a bakin tafkin da ya yi suna saboda kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, kuma daga cikin gundumarta ne hanya take ratsa Ɗan Isa ta faɗa Jibiya ta jihar Katsina. Ƙasa ce mai yawan jama'a, mai albarkar fadama saboda Gulbin Maraɗi, mai yawan yara kamar sauran jihar Maraɗi. In mutum ya zaga Safo da Jiratawa da Gabi da Sarkin Yamma da rani, zai iske cewa galibin hannuwan da ke ban ruwa a lambunan zogale da tumatir, da waɗanda ke jan koma a tafki, da masu tuƙa kabu-kabu, da masu sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, da 'yan dako a kasuwa, hannuwan samari ne da ba su cika shekara 20 ba, ban da 'yan mata masu talla waɗanda cinikinsu na yini ne yake zama cefanen gidaje da yawa. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta halatta a ɗauki yaro aiki daga shekara 14, amma wannan doka tana magana ne a kan ma'aikata da kamfanoni masu rajista, waɗanda a nan ba su taka kara sun karya ba. Yaran Madarunfa suna aiki ne inda babu takardar albashi, babu ranar biya, babu kuma wanda zai rubuta abin da suka samu.

Ba yau aka fara lissafa samari cikin haraji ba. Sa'ad da Faransawa suka kafa mulkinsu a wannan yanki a farkon ƙarni na 20, sun aza kuɗin kai a kan mutane, ba bisa gwargwadon dukiya ba, bisa yawan kawuna, kuma da yake babu takardar haihuwa a ƙauye, da ido ake auna yaro ran ƙidaya: in kumandan ko magatakardansa ya dube shi ya ga ya yi ƙwarin riƙe hauya, to, ya shiga, ko da uwarsa za ta rantse cewa jiya aka yaye shi. Daga nan ne aka gaji al'adar ɓoye yara a rumbu ko aika su daji ranar da masu rubutu za su zo, aka kuma gaji rage musu shekaru a baki, har abin ya zama ba a ɗaukarsa ƙarya, ana ɗaukarsa dabarar magidanci. Mai gari shi ke tarawa, ya miƙa wa sarkin yanki, shi kuma ya kai wa hukuma, kowannensu yana da kason da aka yanka masa daga abin da ya tara. Saboda haka mai gari yana tsakanin wuta biyu, in ya bayyana yaran garinsa ya ɓata da jama'a, in ya rufa musu asiri kasonsa ya ragu.

Amma fa ba yaron ne yake biya da hannunsa ba, kuma a nan ne hikimar tsohon tsarin gandu take. Saurayi yana noma gonar gandu tare da ubansa da 'yan'uwansa a ranakun da aka keɓe, a sauran lokaci kuma ya noma gamanarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. A madadin wannan hidima, wajibi ne a kan mai gandu ya ciyar da shi, ya biya masa lanho, ya kuma yi masa auren fari. Yarjejeniya ce da ba a rubuta ba, amma kowa ya san sharuɗɗanta, kuma uban da ya kasa biya wa ɗansa lanho ya san cewa ya saki igiyar da yake riƙe da shi. Wani Bafaranshe masanin zaman jama'a, Claude Raynaut, wanda ya zauna ya yi bincike a Sumarana kusa da Maraɗi tun ƙarshen shekarun 1960, ya nuna yadda matsananciyar bukatar tsabar kuɗi, wadda haraji yake cikin manyan dalilanta, ta riƙa sassauta wannan igiya: gyaɗa ce ke kawo kuɗin lanho, in ta yi kyau gida ya zauna lafiya, in kuwa damina ta gaza ko farashi ya faɗi, sai uba ya ce wa ɗansa ya nemo na kansa, ɗan kuma, da zarar ya tafi cin rani Kano ko Katsina ya dawo ya biya wa kansa, ba ya sake ganin hujjar da za ta sa ya ba gandu kwanakinsa. Da yawa daga gidajen da suka rabu a wancan zamani, ba faɗa ne ya raba su ba.

Fari da yunwar farkon shekarun 1970 sun karya noman gyaɗa, sun kuma taimaka wajen kawo Seyni Kunce kan mulki a watan Afrilu 1974. Da kuɗin uraniyum ya shigo, gwamnatinsa ta yafe wa talakawa kuɗin kai da ake kai wa baitulmalin ƙasa a ƙarshen shekarun nan, kuma abin lura ne cewa a tsallaken iyaka ma, a 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda Katsina da Jibiya suke ƙarƙashinta a lokacin, sun soke haraji da jangali. Sai dai a Nijar an bar wani ɗan ƙaramin kaso domin hidimar gunduma, wanda bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya koma hannun ma'aikatun magajin gari, aka kuma yi shekara da shekaru ana karɓar dala 140, wato sefa 700, a kan kowane baligi na ƙauye. Har yau lanho ake ce masa, har yau kuma ta hannun mai gari da katin iyali yake bi.

Kuɗin ba shi da yawa, amma katin yana da dogon hannu. A yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, Madarunfa kuma tana cikin wuraren da aka fi ganin yara masu tamowa, an yi rabon abincin agaji a wurare da dama bisa adadin mutanen da ke rubuce a katin iyali, sai magidancin da ya shekara goma yana ɓoye 'ya'yansa don rage lanho ya wayi gari yana da baki goma sha biyu a gida, kati kuwa yana cewa biyar. Ban ga dalilin yi wa irin wannan mutum dariya ba, domin shekarun da ya yi yana biya bai ga abin da aka mayar masa ba, balle ya yi tsammanin ranar da rubuta ɗa zai zama riba. Amma tun daga lokacin mutane suka fahimci cewa sunan yaro a takarda yana iya jawo asara, yana kuma iya jawo rabo, suka shiga lissafi ta fuska biyu.

Malamanmu na zaure suna da nasu hukunci a kan wannan, kuma ya fi na hukuma tsari. A mazhabar Imamu Malik, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil suka yaɗa a ƙasar Hausa, nafaƙar ɗa namiji tana kan ubansa har ya balaga yana mai ikon nema, ta 'ya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. In alamomin balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ce iyaka bisa mashhurin zance. Zakkar fid-da-kai tana bin nafaƙa, wato mutum yana fitar wa duk wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa. Zakkar dukiya kuwa tana bin dukiyar ne, ba ta duban shekarun mai ita: yaro ko maraya in ya mallaki nisabi, shekara ta kewayo, waliyyinsa zai fitar masa daga cikin dukiyar yaron, saɓanin Hanafiyya da suka ɗauke masa zakkar kuɗi da ta dabbobi har sai ya zama mukallafi. To, ga rarrabewa mai kyau, wadda ta raba abin da ke kan kai da abin da ke kan samu, ta ɗora na farko a kan uba, na biyu a kan dukiyar ɗa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, domin ana aza su ba tare da ma'aunin shari'a ba. Kuma ko da yake Maraɗi gari ne da sarakunan Katsina da suka ƙi miƙa wuya ga jihadi suka mayar mazauninsu, jikokinsu ba su taɓa musun wannan ƙorafi ba sa'ad da mai gari ya iso ƙofar gida da littafinsa.

Harajin samu na zamani, irin wanda ake yankewa daga albashi, yana nan a dokar Nijar, kuma shi ma ya san da zancen ɗawainiya. A tsarin da aka daɗe ana aiki da shi, mai ba da aiki ne yake cire harajin kowane wata kafin albashi ya isa hannun ma'aikaci, ya zuba wa hukumar haraji ta ƙasa, a farkon shekara kuma ya kai bayanin abin da ya biya kowa da abin da ya cire. Ma'aunin hawa-hawa ne: kashi 1 cikin 100 a kan jika 25 na farko, kashi 2 a kan jika 25 na biye, yana ta hawa har ya kai kashi 35 a kan abin da ya haura miliyan ɗaya a wata. Sa'an nan ana yi wa ma'aikaci rangwame gwargwadon waɗanda yake ɗauke da su, daga kashi 5 ga mai mutum ɗaya har kashi 30 ga mai bakwai, inda lissafin yake tsayawa, ko da gidan ya kai mutum ashirin, abin da kowane malamin makaranta mai mata biyu a Madarunfa zai gaya maka cewa wanda ya tsara shi bai taɓa kwana a gidan Bahaushe ba. Sharaɗin kuwa shi ne wanda ake lissafawa ya kasance ba shi da samu na kansa. Ma'ana, in ɗan ma'aikaci ya sami aikin albashi mai rajista, ya fita daga lissafin ubansa ke nan, rangwamen uban ya ragu, shi kuma ɗan a fara yanke masa nasa.

Abin da za a yanke masa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a kan sefa 30,047 tun 2012, an ɗaga shi zuwa jika 42 daga farkon 2024, kuma harajin wannan adadi bai kai jika ɗaya a wata ba, ban da ɗan abin da ake cirewa na asusun fanshon ma'aikata. Amma ba a san ma'aikaci mai albashi ɗaya da cika takarda a ƙarshen shekara yana neman a mayar masa da rara ba. Abin da aka yanke a wata shi ne hukuncin wannan wata, in an yi kuskure kuma sai dai a bi ta wurin mai ba da aikin a gyara.

Wannan ne ya sa 'yan Nijar mazauna Amurka, waɗanda suke da yawa a Niyok da kuma birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, sukan sha mamaki a shekarar da ɗansu ya fara aikin hutu a kanti ko gidan abinci. A can ma tun 1943 ake yanke haraji daga albashi, sai dai yankan ƙiyasi ne, ana yinsa kamar mutum zai yi aiki shekara cur, hisabi na gaskiya kuwa sai shekara ta ƙare, inda mai biyan haraji yake kai bayaninsa ga hukumar haraji ta IRS zuwa 15 ga Afrilu. Ɗan da bai kai shekara 19 ba, ko 24 in ɗalibi ne na cikakken lokaci, yana zama cikin lissafin iyayensa muddin yana zaune tare da su fiye da rabin shekara kuma bai ɗauki fiye da rabin ɗawainiyar kansa ba, ko nawa ya samu. Abin da ake bukata gare shi kawai shi ne ya nuna a takardarsa cewa akwai mai lissafa shi, don kada a ci rangwame ɗaya sau biyu. A shekarar 2024, yaron da samunsa duka na albashi ne, bai kuma wuce dalar Amurka 14,600 ba, babu harajin samu na tarayya a kansa, bal ma ba dole ba ne ya cika takarda. Amma in an riga an yanke masa wani abu, ba za a mayar masa ba sai ya cika ya nema, yana da shekara 3 kafin haƙƙin ya faɗi. Kashi 7.65 da ake cirewa na fansho da lafiyar tsofaffi ba ya dawowa. Wanda kuwa yake sana'ar kansa, ko yankan ciyawa ce a gidajen maƙwabta, da zarar ribarsa ta kai dalar Amurka 400 a shekara, takarda ta wajaba a kansa.

Ba na kawo wannan don in ce Amurka ta fi kowa adalci, domin tsarin nasu yana da sarƙaƙiyar da ta sa mutane da yawa suke biyan wani ya cika musu takarda, yara da yawa kuma suna barin kuɗinsu a baitulmali saboda rashin sani. Abin da nake so a lura da shi guda ne: ana iya mayar wa yaron can rararsa ne saboda akwai lamba da sunansa, akwai takardar da mai aikin ya ba shi wadda ta faɗi abin da ya samu da abin da aka cire, kuma kasancewarsa cikin ɗawainiyar ubansa bai shafe shi daga littafin hukuma ba. Ta wannan fuska sun fi kusa da rarrabewar malamanmu fiye da yadda katin iyali yake.

Saurayin Madarunfa kuwa, wanda ake cewa ba ya biyan haraji, yana biya, kuma in aka auna da samunsa la'alla ya fi ma'aikacin ofis biya. Yana biyan tikitin kasuwa duk ranar da ya shimfiɗa kaya. In yana kabu-kabu akwai na ma'aikatar magajin gari da na takardun babur. Duk katin waya da ya saya, da sabulu, da batir, akwai harajin kaya a cikin farashinsu, wanda ma'auninsa na gama-gari kashi 19 ne. Akwai kuma abin da ake miƙawa a kan hanya wanda ba shi da rasiɗi, ba ya kuma isa baitulmali. In ya kai munzali, lanhonsa yana fitowa ne daga aljihunsa, ya miƙa wa ubansa, uban ya miƙa wa mai gari, a rubuta cewa mai gida ya biya. Wato tsarin gandu ya juye: a da uba ke biya wa ɗa don ɗa yana yi masa noma, yanzu a gidaje da yawa ɗa ne ke biya wa uba da uwa da kansa daga kuɗin cin rani na Legas ko Agadas ko Libiya, amma takarda ba ta canja ba, har yanzu tana nuna shi a matsayin wanda ake ɗauke da shi. Yarinya mai talla ma ta fi shi ɓacewa, domin ribarta ta uwa ce, ana tara mata kayan ɗaki, ranar da za a ɗauke sunanta daga katin uba kuwa ita ce ranar da za a sa shi a katin miji.

Kuma samun nan nasu ba shi da tabbas, saboda rabinsa a kan iyaka ya dogara. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Mayu 2023 ta janye tallafin fetur, ribar masu kwalba ta tsuke. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa watanni da dama. Ga kuma 'yan bindiga masu satar shanu da mutane da suka addabi ƙauyukan Gabi da na bakin dajin Baban Rafi. Haraji mai bin samu yakan sauka in samu ya sauka. Kuɗin kai da tikitin kasuwa ba su san wannan ba, adadinsu ɗaya ne ran ciniki da ran da aka tashi hannu rabbana, kuma wannan shi ne aibinsu na asali tun zamanin kumandan.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa wakilai masu riƙon ƙwarya, kuma su ma da lanho da kuɗin kasuwa suke gudanar da ma'aikatunsu, saboda haka bukatar sabunta ƙidaya tana nan. A ganina babu abin da zai hana, duk ran da aka sabunta, a ba kowane saurayi da ya biya rasiɗi da sunansa, ko da yana cikin katin ubansa, domin da irin wannan 'yar takarda ce mutum yake fara kafa hujja a gaban hukuma, ko don neman rumfa a kasuwa, ko bashi, ko lambar haraji in sana'arsa ta girma. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairu 2021, an tsara ta bi ta Katsina da Jibiya ta shigo Nijar ta wannan gunduma; in ta kammala, za a sami tasha da ɗakunan ajiya da kamfanonin sufuri, kuma daga cikin yaran da ke sayar da fetur a Ɗan Isa yau ne za a ɗauki masu gadi da masu lodi da direbobi. Mafi yawansu su ne za su zama na farko a gidajensu da za su karɓi takardar albashi, kuma in ba a sami wanda ya karantar da su ba, ba za su san cewa layin da aka cire na haraji da layin asusun fansho abubuwa biyu ne dabam ba, ko kuma cewa ranar da suka yi aure suka haihu suna da haƙƙin kai shaidar haihuwa ga mai ba da aiki a rage musu.